Yadda na bi daftarin kuɗin sauyin yanayi a taron Baku

A taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, wato COP29, da aka yi a Baku, babban birnin Azabaijan, a watan Nuwamban 2024, aikina shi ne bin diddigin daftarin sabon adadin kuɗin da za a tallafa wa ƙasashe masu tasowa. Wannan adadi ne zai maye gurbin dala biliyan 100 a shekara da aka alkawarta a Kofanhegan a 2009, wadda ya kamata ta cika a 2020 amma sai a 2022 aka ce ta cika.

Duk daftarin da ya fito, nakan ajiye shi gefe da na jiya in bi su layi-layi. Abin da ke cikin baka-biyu ba a amince da shi ba tukuna, don haka nakan ƙirga su. Idan sun ragu ba tare da an yi zama a fili ba, to an sasanta a wani ɗaki da ba mu ciki, sai a nemi wanda ya shiga.

Kuskurena na farko shi ne zuba wa adadi ido. Daftarin ranar Alhamis ko adadi babu, harafin X aka sa a gurbinsa. Ranar Juma'a aka ce biliyan 250, a ƙarshe aka tsaya a biliyan 300 a shekara nan da 2035, alhali ƙasashe masu tasowa tiriliyan 1.3 suka nema. Muna ta ce-ce-ku-ce a kan lissafi, ashe maganar tana cikin kalmomin da ke kewaye da shi. Ba a ce ƙasashe masu arziki za su biya ba, cewa aka yi za su ja gaba. Kuɗin kuma daga kafofi iri-iri ne, na gwamnati da na 'yan kasuwa, wato har bashi mai ruwa yana iya shiga lissafi. Tiriliyan 1.3 ɗin tana cikin takardar, amma a matsayin kira ga kowa da kowa, kuma kayan da aka ce na kowa ne babu mai ɗauka.

Tun daga nan tambaya uku nake yi wa kowace jimla: wa zai yi, dole ne ko shawara, kyauta ce ko bashi? Wannan ba sabon abu ba ne. A Paris a 2015, dab da amincewa, an sauya kalma ɗaya a sashe na 4 na yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris, daga "wajibi ne" zuwa "ya kamata", saboda Amurka ba za ta iya karɓar ta farko ba.

Sai batun lokaci. Ba a kaɗa ƙuri'a a wannan taro, ittifaƙi ake nema, kuma da zarar shugaban taro ya buga guduma magana ta ƙare. Ranar Juma'a ya kamata a rufe, aka kai tsakar daren Asabar har aka shiga Lahadi, lokacin ƙananan tawagogi da dama sun kama hanyar filin jirgi. Indiya da Najeriya sun yi kakkausar suka, amma bayan guduma ta sauka, sai dai aka rubuta ƙorafinsu a rahoto. Yanzu nakan ba tawaga shawarar ta sayi tikitin dawowa na kwana biyu bayan ranar rufewa, ta raba wakilanta masu dare da masu rana, ta kuma kai ƙin amincewarta a rubuce ga ƙungiyar wakilan ƙasashen Afirka a taron tun kafin a shiga zaure.