Madubin hangen nesa: yadda babbar lamba ta ci mini kuɗi

Madubin hangen nesa mai ido biyu na farko da na saya, lambar da ke jikin kwalinsa ce ta ruɗe ni. An rubuta 10-30x60 da manyan haruffa, gilasan gabansa kuma jajawur kamar garwashi. A raina na ce na yi tsintuwa, ga abin da zai jawo mini barewa kusa har sau talatin, ga kuma araha. Leƙawa ɗaya na yi da rana tsaka, na ga bango ya matso, na biya na kama gabana.

Fitar farko da na yi da shi kwana uku muka yi a daji, ni da kawuna wanda ya fara farauta tun ban san hannun damana ba. Da muka kafa tanti na fito da abina ina taƙama. Ya karɓa, ya juya shi, ya leƙa na ɗan lokaci, ya miƙo mini. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, ɗana, sai almuru ta yi mu gani."

Almuru ta yi kuwa. Muna zaune a kan wani tudu muna kallon bakin ruwa, sai wani abu ya motsa a gindin kurmi. Na murɗa madubin zuwa talatin. Duhu na gani, duhun ma yana rawa, domin duk bugun zuciyata da numfashina sai da suka bayyana a cikin hoton. Na dawo da shi goma, haske ya ɗan ƙaru, amma filin da nake gani ya yi ƙunci kamar mai leƙe ta cikin bututu, na kasa ma gano inda abin yake. Kawu ya ciro nasa daga jaka, wani tsoho mai 7x35 wanda fentinsa duk ya goge, ya ce in gwada. Gada ce tana shan ruwa, har motsin kunnenta ina gani. Kunya ta kama ni.

A daren nan na kwana da ciwon kai, ban san dalili ba sai daga baya. Bututun biyu ba su kallon wuri ɗaya daidai, idanuna ne suke ta wahalar haɗa hotuna biyu su zama ɗaya. Kwana na uku aka yi yayyafi, gari ya waye gilashin ya yi hazo daga ciki, inda tsumma ba ya kai. Nan labarinsa ya ƙare.

Sai da na yi asara sannan na zauna na koyi abin da lambobin ke nufi. Ta farko yawan kusantarwa ce, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba a milimita. In ka raba ta biyu da ta farko, za ka sami faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga idonka. Wannan lissafin shi ne abin da na fi so a ce wani ya gaya mini tun farko. Na kawu, 35 a raba bakwai, milimita 5 ke nan. Nawa in na kai shi talatin, milimita 2 kacal. Da rana ba za ka ga bambanci ba, domin ƙofar da haske ke bi a ƙwayar ido kan tsuke ta koma milimita 2 zuwa 3. Da duhu ya fara sai ta buɗe, ta matashi har kusan milimita 7, ta wanda ya manyanta wajen 5. Ido ya buɗe yana neman haske, madubin kuma ɗan tsito yake ba shi. Namun daji kuwa da asuba da almuru suka fi fitowa, wato daidai lokacin da madubina ba ya aiki. Shi ya sa gwajin da na yi da rana tsaka bai gaya mini komai ba.

Jan gilashin ma da ya burge ni illa ce. Shafin da aka yi masa yana mayar da jan haske baya ne, sai hoton ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore, ga ragin haske. Shafi na kirki aikinsa akasin haka ne. Gilashin da ba a shafa masa komai ba yana zubar da kusan kashi 4 cikin ɗari na haske a kowace fuska, kuma a cikin madubi ɗaya fuskokin suna da yawa. Don haka ake neman wanda aka shafe dukkan fuskokinsa da shafi mai hawa-hawa, wanda ake yi wa alama da haruffan FMC.

Da na tashi sayen na biyu na tsaya a kan kusantarwa takwas. Na san maharba da yawa sun fi son goma, musamman masu aiki a fili mai faɗi, kuma ba na ganin laifinsu. Ni dai hannuna ba ya tsayawa cak bayan na hau tudu ina haki, kuma takwas na ba ni fili mai faɗi. A jikin wanda na ɗauka an rubuta mita 140 a nisan mita 1000, na farkon kuwa bai kai rabin haka ba. Dabbar da ke tafiya cikin itatuwa, faɗin fili ne ke kama ta.

Inda na fi daɗewa ina kai-kawo shi ne siffa. Akwai mai faɗin kafaɗa irin na kawu, wanda ake kira Porro, da sunan Ignazio Porro, ɗan Italiya da ya yi rajistar wannan tsari a 1854. Akwai kuma miƙaƙƙe siriri, wanda ya fi kyan gani, ya fi daɗin riƙewa, ya fi sauƙin rufewa daga ruwa. Sai dai firizim ɗin da ke cikin siririn, wato guntun gilashi mai kusurwa da ke miƙar da hoto, yana buƙatar aiki mai tsananin daidaito da wasu shafe-shafe na musamman kafin ya ba da hoto garau, kuma a nan ne masu ƙera na araha suke rage kuɗi. In aljihu bai da nauyi, a kuɗi ɗaya mai kafaɗa ya fi ba da haske. Na haƙura da kwalliya na ɗauki 8x40 mai kafaɗa, mai rigar roba, wanda aka toshe mahaɗarsa aka cika shi da iskar naitirojin don kada ya yi hazo a ciki.

Wannan karon ban biya ba sai da na yi masa tambayoyi da idona. Na ɗaga shi nesa da fuskata ina kallon ɗigon haske a gilasan baya. Zagayayye ne tsaf, alamar firizim na gilashin BaK-4, wato mai inganci. Da na ga gefensa ya yi kusurwa-kusurwa da inuwa, da na san BK-7 ne, mai araha. Na saita shi a kan wata wayar lantarki, na riƙa janye shi daga idona a hankali don in ga ko layin zai rabu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Bai rabu ba. Na leƙa wani lungu mai duhu na karanta rubutu. Da yake ina sa tabarau, na duba tazarar da aka ba ido daga gilashin baya, domin ƙasa da milimita 15 mai tabarau ba ya ganin filin gaba ɗaya. Zoben nan na gefen dama kuwa, wanda a da na ɗauka ado ne, ashe na daidaita bambancin idanu biyu ne. Ka rufe na dama ka saita na hagu da abin murɗawa na tsakiya, sannan ka rufe na hagu ka saita na dama da zoben, shi ke nan ba ka sake taɓa shi.

Yana da nasa aibin. Can gefen hoton ba shi da kaifi kamar tsakiya, kuma ya haura gram 800, wanda bayan wuni guda a wuya sai ka ji kamar dutse ka rataya. Na canza igiyarsa da mai ratsa kafaɗu biyu. Na kuma daina goge shi da gefen riga, domin ƙura na karce shafin, sai na hure ta tukuna.

Fitarmu ta baya-bayan nan, da asuba muna kan tudun nan, kawu ya miƙo hannu ba tare da ya ce komai ba. Na ba shi. Ya daɗe yana kallon bakin ruwan, sannan ya ce, "Su uku ne, akwai ƙarama a bayan uwar." Har rana ta fito bai dawo mini da shi ba.