Godiya ga mutanen hanya, daga Kumasi zuwa Tamale

Assalamu alaikum 'yan uwa. Alhamdu lillahi, mun kai Hajiyarmu Tamale ta ga danginta, mun kuma dawo Aboabo, unguwarmu a Kumasi, lafiya lau.

Waɗanda suka san gidanmu sun san ciwon baya ya hana Hajiya dogon zama a mota, shi ya sa muka sa aka gyara bas ɗin yayana ta zama ɗaki: gado, tankin ruwa, risho na gas da fanka mai aiki da sola. Godiyar farko ta masu walda da kafintocin Suame Magazine ce, unguwar makanikai ta Kumasi. Gadon da suka kafe bai ko motsa ba duk ramukan hanya.

Mun taso ana tsakiyar sabuwar doya. A Akomadan akwatunan tumatir jere a bakin titi, matan da ke sayarwa suka leƙo suka ga tsohuwa a kwance, suka ƙara mana gyara har ta fi abin da muka saya. A Techiman muka yi azahar, a Kintampo muka ci soyayyar doya da yaji.

Bayan Kintampo, kafin mu kai Buipe, fambel ya tsinke, inji ya ɗau zafi. Magariba ta kawo jiki, hadari ya haɗu, waya ba sabis. A nan Allah ya jefo mana wani manomi a kan aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, ya ɗebo doya daga gona. Ba ya jin Hausa sosai, sai muka haɗu a Tonanci, yaren Asante. Bawan Allahn nan ya sauke doyarsa a gefen titi, ya ɗauki ƙanena suka koma neman makanike. Matarsa ta zo da garwashi a kasko, ta gasa doya, ta kankare baƙin da wuƙa, ta yanka ƙanana yadda mai ƙarancin haƙori za ta iya ci, ta miƙa wa Hajiya hannu bibbiyu tana cewa, "Mma, ci." Da asuba wata Bafullatana daga ruga ta kawo nono da wagashi, wato cuku. Muka yi juyin duniya su karɓi kuɗi, suka ƙi. Makaniken kaɗai ya karɓi kuɗin fambel, shi ma da ƙyar.

Ni dai na ce, mu mutanen zango da ke cin doyar nan kullum muna ciniki kamar za mu ƙwace, ya kamata mu riƙa jin nauyin masu tara kunyar nan da fartanya. Allah ya sa albarka a gonarku, baba, ya raya muku zuri'a.

Da muka haye gadar Buipe, Hajiya ta ce a ɗaga ta zaune. Tun daga nan har Yapei take nuna mana itatuwan kaɗanya da gonakin dawa, tana ba jikokinta labarin yadda suke tsintar ƙwara suna yara.

Kawu da iyalinsa a Tamale, mun gode da tuwon zafi da naman zabi, da hidimar da kuka yi wa 'yar uwarku. Maƙwabta da kuka kula mana da gida, da malaman da suka yi mana addu'ar tafiya, Allah ya saka da alheri. Direbobin arewa, wanda zai bi ta Buipe makon gobe ya taimaka ya neme ni, Hajiya ta ɗaure atamfa da goro tana so a kai wa matar manomin nan.