Abin da wayar ofishin tikiti ta koya min game da kujerar koci

Lokacin da na je karatun digiri na biyu a Amurka, aikin farko da na samu a cikin makaranta shi ne a ofishin sayar da tikiti na sashen wasanni, awa 20 a sati, don iyakar abin da biza ta yarda ɗalibin waje ya yi kenan in ana karatu. Ranar da na fara ko dokokin wasan ban sani ba, don abin da su suke ce wa ƙwallon ƙafa da hannu ake rungumar ta a ruga da gudu, ta fi kama da zari-ruga, ga hular kwano ga sulke a kafaɗa. Amma ba wasan na je koya ba, aikina waya ne. A ba ni jerin sunayen masu tikitin kaka, wato waɗanda suke sayen kujera ta duk wasannin gida na shekara a dunƙule, in kira su ko su kira ni, mu sabunta musu, in shigar a kwamfuta.

Toh a wannan teburin ne na fara gane yadda ake korar koci, tun kafin 'yan jarida su ji ƙamshin labarin.

Kocinmu a lokacin yana shekararsa ta huɗu. A kakar da na tarar ya ci wasa 8 cikin 12, ni a lissafina ai wannan mutum ya yi ƙoƙari, amma kullum Litinin wayar nan kamar za ta kama da wuta, wani ya kira ya ce kocin bai san aikinsa ba, wani ya ce shekara nawa za a yi ana wasa da hankalinmu, wata tsohuwa har da kuka wallahi saboda abokan gabarmu na jiha ɗaya sun doke mu a gida. Sai na tambayi shugabar ofishinmu, wata dattijuwa da ta fi shekara 20 a wurin, na ce ranki ya daɗe ni fa ban gane ba, wasa 8 ba nasara ba ce? Ta ce min ai a shekararsa ta farko 7 kawai ya ci kuma saura kaɗan mutane su ɗauke shi a kafaɗa, don kafin zuwansa ƙungiyar ta daɗe tana shan kashi. Ta ce shi da kansa ya ɗaga musu rai, ranar da aka gabatar da shi ya tsaya gaban kyamara ya yi alƙawarin kofi, yanzu bashin nan suke bi.

Wannan maganar ta zauna min. Mutum ɗaya, aiki ɗaya, sakamakon ma ya ƙaru, amma 7 ɗin farko biki ce 8 ɗin baya kuma makoki, saboda abin da mutane suka sa a ransu ya riga ya yi gaba ya bar shi a baya.

Abu na biyu da ta nuna min shi ne wanda har yau nake amfani da shi. Ni da farko masu zagi nake rubutawa a rahoto, a zatona su ne matsala. Sai ta duba takardata ta ce a'a, mai ihu zai biya, ai da bai damu ba da bai ɓata lokacinsa ya kira ba, ka rubuto min masu magana a hankali. Ban gane ba sai ranar da wani dattijo ya kira, muryarsa a sanyaye, ya ce kujeru huɗu ne da shi a layi ɗaya tun zamanin mahaifinsa, nan ya zauna yana yaro nan ya kawo jikokinsa, amma bana biyu kawai zai sabunta. Na ce ko akwai abin da muka yi masa ba daidai ba? Ya ce ko kaɗan, yaran ne ba sa son zuwa kuma, ya yi min godiya ya ajiye waya. Ina ajiye tawa na ga shugabar tana kallona, ta miƙo hannu ta karɓi takardar ta sa a wani jan fayil. Wannan fayil ɗin duk Juma'a yake hawa bene zuwa ofishin daraktan wasanni.

Ka ga a can ba a sayen kujera mai kyau da kuɗin tikiti kaɗai, sai ka haɗa da gudummawa duk shekara, kuma a manyan jami'o'i kuɗin ƙwallon nan ne yake ɗauke da sauran wasanni irin su ninƙaya da guje-guje waɗanda ba sa kawo komai. Ga kuma attajirai tsofaffin ɗalibai masu ba da miliyoyi a gina ɗakin motsa jiki ko a faɗaɗa sitadiyam, su ne in sun gaji suke haɗa kuɗin sallamar koci a tsakaninsu. Sannan wasa 12 ne kacal a kaka kafin a shiga na kofi, daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, mafi yawa ranar Asabar. Ba kamar Firimiya ba da kake da wasa 38 in ka yi tuntuɓe ka gyara. Anan kashi biyu a Satumba ya isa ya kashe shekara, kuma mutumin da ya tuƙo mota awa huɗu da iyalinsa ya kafa rumfa ya gasa nama a bakin fili tun safe, sai ya jira wata tara kafin a sake buɗe sabon shafi.

Da na fara bin labarin sauran makarantu sai na ga namu ma wasa ne. Koci Ed Orgeron ya ci wa jami'ar LSU ta jihar Louisiana kofin ƙasa a kakar 2019, wasa 15 bai faɗi ko ɗaya ba, amma a Oktoban 2021 aka sanar cewa ƙarshen kaka zai tafi. Gene Chizik ya ɗauki kofi da Auburn a kakar 2010, a 2012 aka kore shi. An ci moriyar ganga kenan. Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo ya tuna yadda Leicester ta sallami Ranieri a 2017 wata tara bayan ya ba ta Firimiya, ya san irin ɗacin. Sai kuma Jimbo Fisher na Texas A&M, wanda aka kora a Nuwamban 2023 washegarin ranar da ya lallasa Mississippi State 51 da 10, kuma kwantiraginsa ya tilasta a biya shi sama da dala miliyan 75 don kawai ya tafi gida. Da na ji adadin sai da na sake karantawa. Kuɗin da aka ɗora masa tun farko shi ne ya zama ma'aunin da aka auna shi, don ba wanda zai biya irin wannan albashin ya yarda da wasa 8, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Amma wadda ta fi taɓa ni ita ce Nebraska. Mutanen nan sun ci kofin ƙasa a 1994 da 1995 da 1997 a hannun Tom Osborne, sai abin ya zame musu kamar gado. Wanda ya gaje shi, Frank Solich, an kore shi a 2003 bayan ya ci wasa 9 cikin 12. Bo Pelini ma shekara bakwai yana ci musu aƙalla 9 duk kaka, a 2014 suka sallame shi. Daga 2017 har 2023, kaka bakwai a jere, kashin da suka sha ya fi nasararsu yawa, 9 ɗin da suka raina ta zama abin nema ido rufe. Ni a ganina ba da abokan karawarsu na lokacin suka auna mutanen nan biyu ba, da tsohon hoto na shekarun 1990 suka auna su, kuma ba mai rai da zai iya gasa da abin da mutane suke tunawa.

Sai dai in na tsaya nan na yi wa magoya baya rashin adalci, don akwai Jojiya. Mark Richt ya yi musu shekara 15, mutumin kirki, ya ci wasa 145, a 2015 suka rabu da shi bayan kaka mai nasara 9, mutane da yawa suka ce butulci ne. Suka ɗauko Kirby Smart, ya kawo musu kofi a kakar 2021 da ta 2022, alhali rabonsu da shi tun 1980. Kaga irin matakin da ya jefa Nebraska a rami shi ya fitar da Jojiya, kuma a ranar da ake yanke hukuncin ba wanda ya san wanne zai zama. Wannan ya sa na daina saurin cewa magoya baya ba su da haƙuri. Dattijon nan mai kujeru huɗu ya fi kocin daɗewa a filin, zai kuma fi shi daɗewa, yana da haƙƙin ya so abu mai kyau.

Abin da nake ƙi kawai shi ne a yanke hukunci ranar Lahadi da zafin abin da ya faru Asabar. Frank Beamer a Virginia Tech a shekararsa ta shida, 1992, wasa 2 kacal ya ci, suka bar shi, ya kai su wasan ƙarshe na ƙasa a kakar 1999 ya zauna har 2015. A zamanin nan da wuya a ba wani wannan damar, balle yanzu da ɗan wasa zai iya tattara kayansa ya sauya makaranta cikin sauƙi kuma tun 2021 an halatta masa samun kuɗi da sunansa. Ryan Day na Ohio State kuwa a Nuwamban 2024 Michigan ta doke shi 13 da 10 a gidansa, karo na huɗu a jere, gari ya ɗauka a kore shi a kore shi, kafin wata biyu ya cika ya ɗaga kofin ƙasa bayan ya doke Notre Dame a Janairun 2025. Da an bi ihun daren nan fa?

Da na dawo gida na kama aiki aka ba ni wani ƙaramin sashe in riƙe, abu na farko da na yi shi ne na zauna da ogana na ce ranka ya daɗe don Allah faɗa min me kake so ka gani nan da shekara ɗaya, mu rubuta. Ya yi mamaki amma ya faɗa, wani abin na ce zan iya wani na ce wannan sai shekara biyu, kuma na kama bakina daga yin alƙawarin da zai burge shi a ranar ya zame min igiya a wuya daga baya. Kwastoma kuma in ya kira yana faɗa ina saurarensa in ba shi haƙuri, amma wanda ya saba oda duk wata ya rage ba tare da ya ce uffan ba, shi nake tashi in je har shagonsa.

Kocinmu dai an sallame shi a shekarata ta biyu, ranar wata Lahadi bayan wasan ƙarshe. Shi bai tafi hannu rabbana ba, kwantiraginsa ya tanadar masa kuɗin sallama mai kauri. Waɗanda ba a sa a labarai ba su ne na ƙasa da shi, don sabon koci da mutanensa yake zuwa. Akwai wani matashi mai yanka musu bidiyon atisaye da muke haɗuwa da shi wurin injin shayi, yakan tambaye ni yadda azumi yake a lokacin sanyi, matarsa na da tsohon ciki kuma bai fi wata biyar da kama haya ba. Ranar Talata na gan shi a filin ajiye motoci, dusar ƙanƙara na sauka, yana ƙoƙarin buɗe but da gwiwa saboda kwalin da ke hannunsa, na ƙarasa na buɗe masa. A cikin kwalin akwai wayoyin caja da kofin shayinsa da rigar ƙungiyar a ninke. Na ce ina za ka nufa yanzu? Ya ce zai jira ya ga inda ogansa zai samu aiki, in ya kira shi sai su bi.

Na koma ofis na tarar wayoyi uku suna ƙara lokaci guda, shugabar ta nuna min ɗaya da haɓa. Dattijon nan ne, yana tambaya ko kujerunsa biyu da ya saki suna nan ba a sayar ba.