Kwaɗo ya fito, masu karatu suka ɓace

Har yau in na ga alamar $1 sai gabana ya faɗi. Ba dala ɗaya nake nufi ba, wata alama ce ta cikin umarnin juya adireshi. Ita na manta ban rubuta ba a daren da na mayar da shafina na intanet daga HTTP zuwa HTTPS, wato daga tsarin da ba ya ɓoye bayanai zuwa wanda ke ɓoyewa, kuma saura ƙiris ta cinye mini wahalar shekaru.

In faɗi gaskiya, kwaɗayi ne ya kai ni, tsaron masu karatu daga baya ya zo mini a rai. Na san tun watan Agustan 2014 Google ya sanar cewa wajen jera sakamakon bincike zai riƙa duba ko shafi yana ɓoye bayanan da ke kai-komo tsakaninsa da mai karatu. Na riƙe wannan gam, na yi watsi da sauran zancen. Su da bakinsu sun ce ma'aunin ba shi da nauyi, bai shafi ko kashi 1 cikin 100 na binciken da ake yi a duniya ba, kuma ingancin rubutu yana gabansa nesa. Na yi ta jan ƙafa har Chrome 68, sabon samfurin burauzar Google a lokacin, ya fito a Yulin 2018 ya fara liƙa wa kowane shafin HTTP gargaɗin cewa ba shi da tsaro. Nan na zabura. Na karɓi takardar shaidar tsaro ta kyauta daga Let's Encrypt, wata hukuma mai bayar da irin wannan shaida, na ɗora, ɗan kwaɗon kulle nan mai nuna tsaro ya bayyana kusa da adireshi. Wannan bai ba ni wahala ba.

Abin da ya rage shi ne juya akalar tsofaffin adireshi zuwa sababbi. Na buɗe fayil ɗin .htaccess, inda ake rubuta wa shafi umarnin juya adireshi, na rubuta umarnin 301, wato ƙaura ta dindindin. A ƙarshen layin ake sa $1, ita ce ke cewa duk wanda ya zo neman wata maƙala a tsohon adireshi a kai shi wannan maƙalar a sabo. Ban sa ba. Sai ya zama duk wanda ya biyo tsohuwar hanya, ko me ya zo nema, a shafin farko ake sauke shi.

Kuma na gwada fa! Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na rubuta sunan shafin, ya kai ni HTTPS. Na latsa maƙaloli daga ciki, kowace ta buɗu lafiya, tunda hanyoyin cikin gida duk sun koma sabon adireshi. Na kwanta ina ganin na iya. Ban ɗauki tsohon adireshin maƙala ko guda ɗaya na jarraba ba, alhali ta nan duk mutanen waje ke shigowa.

Da baƙi suka fara raguwa, sai na lallashi kaina. An ce dama bayan irin wannan ƙaura matsayi kan ɗan yi tangal-tangal. Ga shi kuma a Search Console, dandalin Google da ke nuna wa mai shafi yadda ake samunsa a bincike, tsohon adireshi da sabo kowa da rajistarsa, to raguwar da na gani a na HTTP sai na ce ai can suka koma. Mako uku ina wannan yaudarar kai. Wata mai karatu ce ta aiko mini saƙo, layi biyu, ta ce ta ajiye adireshin wata maƙala tun bara amma yanzu kullum shafin farko yake kai ta. Na latsa abin da ta turo. Jikina ya yi sanyi.

Daga nan na gane abin da Google ke gani. In ka tattara adireshi masu yawa ka tura su wuri guda da bai da alaƙa da abin da ke cikinsu, yana iya ɗaukarsu tamkar shafukan da aka goge. Duk darajar da maƙalolina suka tara daga wasu shafukan da suka yi nuni gare su, a tsohon adireshi take rataye, ni kuma da hannuna na datse igiyar.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Sai dai ko a nan na sake ruɗewa, don burauza tana haddace 301, ta ci gaba da kai ni shafin farko bayan na gyara, har sai da na share ma'ajiyarta. Na sabunta taswirar shafin, wato jerin adireshin da ake miƙa wa Google, da sababbin adireshi, na tarar ma wasu maƙaloli har lokacin suna gaya wa Google cewa na HTTP ne adireshinsu na asali, na gyara su. Umarnin juyawar kuwa, ana son a bar shi aƙalla shekara. Ni ban da niyyar cire shi har abada.

Ɗagawar da na yi kwaɗayi fa? Bayan watanni yawancin maƙalolin sun koma kusan inda suke a da, ban ga wadda kwaɗo ya ɗaga sama ba. Yanzu ina da jerin tsofaffin adireshi ashirin masu farawa da http, kuma duk ranar da na taɓa wannan fayil sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in tashi daga kujera. Akwai maƙala guda da a da take cikin ukun farko a bincike. Tana shafi na biyu har yanzu, kuma nakan leƙa ta fiye da yadda ya kamata.