Zaɓen Makarantar Yara a Kano: Zango Biyu Na Yi Asara Kafin Na Gane Hanya

Saura sati biyu a koma makaranta muka taso daga Bichi, a watan Satumba na 2023. Maigida ya samu rumfa a Kantin Kwari, zirga-zirgar kullum ta ishe shi, sai muka kama haya a Rijiyar Zaki. Yara biyu ne suka isa karatu: babbar tana da shekara bakwai, za ta shiga aji biyu, ƙanenta kuma ɗan shekara huɗu, nazare zai fara. Auta tana goye.

A gida ba mu san wani abu wai shi zaɓen makaranta ba. Inda ka yi nan ɗanka zai yi, ka san hedimasta, ka san gidan su malamar aji. A Kano kuwa duk lungun da ka leƙa da allon makaranta, wannan International, waccan Academy, wata ma gidan haya ce mai ɗaki huɗu aka shafa wa fenti aka zana zomo da lemo a jikin katanga. Kaina ya ɗaure. Da matar yayan maigida ta ce in kai su inda nata suke, can wajen titin Gidan Zoo, ban tsaya dogon tunani ba. Na ga bene, na ga motar ɗaukar yara, wata yarinya ta gaishe ni da Turanci kamar a bakinta aka yanke masa cibiya. A ranar na biya kuɗin fom.

Abin da ban lissafa ba shi ne hanya. Daga Rijiyar Zaki sai an bi ta Kabuga, a miƙe titin BUK, a fito Ɗan'agundi, sannan a gangara. Motar kuma ba mu kaɗai take ɗauka ba, sai ta zaga unguwa uku ko huɗu. Ƙarfe shida da kwata take tsayawa a bakin layinmu. Da hunturu ya shigo, cikin duhu nake yi musu wanka suna kakkarwa, ƙaramin ya kama tarin da bai sake shi ba sai wajen Fabrairu. Ran da motar ta wuce mu, sai shatar A Daidaita Sahu, tunda an hana acaba ɗaukar fasinja a cikin birni tun 2013, ga shi a watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Sai uku da rabi suke dawowa, wani lokaci da la'asar. Islamiyya ƙarfe huɗu ake shiga. Babbar da ta baro Bichi da haddarta mai kyau ta koma gyangyaɗi a gaban malam, har ya aiko a tambaye ni ko lafiya.

Kuɗin ma wanda aka faɗa mana da farko somin taɓi ne. Yunifom a makaranta kaɗai ake sayarwa, ga na ranar wasanni, ga na Juma'a. Littattafan irin waɗanda ake rubutu a cikinsu ne, ƙane ba zai gaji na yaya ba. Har kuɗin bikin yaye ɗalibai aka nema a ajin ƙaramin, yaron da bai gama iya cewa zai yi fitsari ba.

Duk da haka na daure, don sakamakon jarrabawa yana zuwa da maki masu faranta rai. Ranar da asiri ya tonu, ina kicin na miƙa wa babbar wani kwalin ganyen shayi na ce ta karanta min abin da ke jiki. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta ce ba a koya musu wannan ba. Na ɗauko littafinta na makaranta, ta zuba karatu tiryan-tiryan. Na rufe hoton da tafin hannuna na nuna kalma ɗaya a tsakiyar layi, sai ta yi tsuru-tsuru. Ashe haddace shafukan take yi kamar waƙa. Da na bincika, a zango biyu malamai uku aka canza musu.

Akwai wata dattijuwa a maƙwabtanmu da ta yi ritaya daga koyarwa a firamaren gwamnati. Ita na kai wa kukana. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "'Yar nan, ƙarfe nawa kika je duba makarantar?"

Na ce, "Da safe ne, Hajiya, ana taron asambali."

Ta yi dariya. "Ai kin je ganin amarya ranar kai ta. Ki je ƙarfe goma sha ɗaya, rana ta take, malami ya gaji, yara sun ci abincin tara sun fara hamma. Kada ki sanar da zuwanki. Kuma kada ki zauna a ofis a ba ki lemo."

Ta ce in nemi littafin rubutun yaron da ke zaune a bencin baya, don na gaba kullum a gyare yake. In duba yaushe rabon da jan biro ya taɓa shi, kuma in malamin ya ga kuskure gyarawa yake yi ko maki kawai yake dangwalawa. Ta ce in leƙa banɗaki, in ga ko akwai ruwa da buta. Batun daɗewar malamai kuma kada in tambayi mai makaranta, in tambayi maigadi ko mai sayar da awara a bakin ƙofa, su ne suka san wanda ya zo da wanda ya tafi, da watan da ba a biya albashi ba.

Sati biyu na yi ina yawo da goyo, cikin zafin Afrilu, makarantu shida na shiga. Biyu sun hana ni wuce ofis, na gode musu na fito. A wata, ajin nazare ba taga sai ƙofa, ga rufin kwano ba silin, yara sun jiƙe sharkaf da gumi. A wata kuma na ɗauki littafin wani yaro na ga an ba shi maki cikakke a kan lissafin da amsarsa ba daidai ba ce.

Na shiga firamaren gwamnati ma, don tun 2019 aka ayyana ilimin firamare kyauta kuma dole a jihar, kuma Hajiya ta ce kada in raina ta. Gaskiyarta ta wani ɓangaren: malamar da na tarar a aji biyu ta fi duk waɗanda na gani iya koyarwa, tana da takardar NCE da shekaru a kan aiki, tana haɗa baƙi da wasali da Hausa yara suna bin ta. Amma na ƙirga kawuna har na wuce tamanin na bari, fiye da rabi a ƙasa suke zaune. Yarinyar da ta riga ta koma baya, a irin wannan taro ɓacewa za ta yi. Ban yi mamaki ba da gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024.

Abu ɗaya da maigida ya kafe a kai, ni ban ma tuna ba, shi ne takardar rajista. Duk wanda ke Kano a farkon 2022 bai manta da yarinyar nan 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace ya kashe ba, abin da ya sa gwamnati ta soke lasisin makarantu masu zaman kansu baki ɗaya ta ce kowa ya sake zuwa a tantance shi. Don haka duk inda muka je sai ya ce a nuna masa shaidar hukumar da ke kula da makarantun kuɗi, ya kuma tambaya: in an tashi, wa ake miƙa wa yaro? Inda aka ce "ai duk mun san iyayensu," ba mu koma ba.

Wadda muka zaɓa ba ta da bene, fentinta ya koɗe, tafiyar minti goma ce a ƙafa daga gidanmu. Yara ashirin da 'yan kai ne a aji. Mai makarantar da kanta take koyar da aji ɗaya, kuma mai awara ta ce min malamar aji biyu tun tana budurwa take nan, yanzu 'ya'yanta biyu. Da suka gwada babbar, matar ba ta ɓoye min ba. Ta ce, "Maman yara, sai dai ki yi haƙuri, karatunta na 'yan aji ɗaya ne. In kin yarda ta maimaita aji biyu, in ba ki yarda ba ba zan karɓi kuɗinki in yaudare ki ba." Raina ya sosu, har na kwana ina tunanin abin da dangi za su ce. Washegari na kai ta.

Makarantar tana da nata aibin. Filin wasa babu, sai tsakar gida da siminti. Akwai malamin da hannunsa ke saurin kai wa bulala, sai da muka tayar da maganar a taron iyaye da malamai kafin ya sassauta. Turancin yaran kuma bai kai na 'ya'yan matar yayan maigida daɗin ji ba, ita ma ba ta fasa tuna min ba duk ranar da muka haɗu a biki.

Na yi sha'awar irin makarantun nan da ke haɗa boko da tahfiz tun safe har yamma, don hankalin uwa ya kwanta wuri ɗaya. Da na dubi ɗan shekara huɗu na ga ba zai iya wuni a kan benci ba, sai na haƙura. Yanzu ƙarfe ɗaya da rabi suna gida, su ci abinci, su ɗan rintsa, ƙarfe huɗu su tafi Islamiyyar bayan layinmu, Asabar zuwa Laraba. Haddar babbar ta dawo, kuma kafin ƙarshen shekarar da ta maimaita ta fara karanta min saƙon da babanta ya turo a waya in hannuna na cikin kwaɓin fulawa.

Bana auta za ta shiga. Maigida ya ce ai magana ta ƙare, a kai ta inda yayyenta suke. Sai dai na ji a bakin mai awara cewa malamar nazare ta yi aure ta koma Hotoro, an kawo sabuwa. Na ce masa ya dakata da biyan kuɗin fom tukuna, ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya zan leƙa ajin.