Godiya ga duk wanda ya zauna da mu har ƙarshen shirin

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhamdu lillahi, cikin ikon Allah an haska kashi na ƙarshe na shirinmu a daren Juma'ar da ta gabata, kuma tun daga lokacin saƙonni ke ta shigowa, wasu a rubuce, wasu da murya, wasu kuma a bakin masallaci bayan an sallame. Ba zan iya bin kowa in amsa masa shi kaɗai ba, shi ya sa na rubuta wannan a madadina da madadin duk waɗanda muka yi aikin tare. Mun gode ƙwarai. Allah Ya saka da alheri, Ya bar zumunci.

Ga wanda bai samu kallo ba, labarin ba shi da wani tashin hankali. Wani tsohon baduku ne a Shiyar Madunka wanda idonsa ya fara yana, yana ɓoye wa iyalinsa. Ɗansa ya gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, yana yawon neman aikin ofis, ba ya son a gan shi da basilla a hannu. Ɗiyarsa ta dawo gida bayan aurenta ya mutu. Sai ƙanensa, wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna a kan gidan gado. Ba a harbi kowa ba, ba a sace kowa ba, babu attajirin da ya shigo unguwa da jibgegiyar mota ya sauya wa kowa rayuwa.

Zan fara godiya da waɗanda suka yi mana faɗa, don su ne suka fara magana. Bayan kashi na 2 wani matashi ya aiko da murya yana cewa: "Malam, don Allah mi anka yi a wanga kashi? Tsoho ya zamna, tsoho ya tashi, data ta ƙare." Wani ya ba shi amsa a ƙasa da cewa sannu ba ta hana zuwa, shi kuma nan take ya ƙarasa masa karin maganar, ya ce sai dai a daɗe ba a je ba. Ban taɓa jin haushin irin wannan ƙorafi ba. Mutumin da ya wuni yana kabu-kabu cikin rana, ya cire kuɗi daga abin da ya samu ya sayi data don ya kalle mu, yana da haƙƙin ya tambayi abin da muka ba shi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da yawa daga cikin masu wannan ƙorafi ba su tafi ba. Duk mako sai sun dawo sun yi faɗan, kuma a faɗan nasu ake gane cewa babu abin da ya wuce musu. Wannan matashin da kansa, da aka zo tsakiyar shiri, shi ne ya fara lura cewa tsoho ya daina ƙirga kuɗin ciniki a gaban mutane, sai dai ya dunƙule ya zuba aljihu.

Ba mu jahilci kasuwa ba. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan shirye-shirye masu dogon zango suka cika YouTube daga wajen 2020, mai kallo ya saba da a bar shi da fargaba a ƙarshen kowane kashi. YouTube kuma ba ya ɓoye maka komai, yana zana maka daidai mintin da mutane suka fara ficewa, kuma kafin tasha ta fara samun kuɗin talla yadda ya kamata sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Mai shiri yana kallon wannan zane gabansa na faɗuwa. Wani bawan Allah da ya ɗauki nauyin kashin farko-farko ya zaunar da mu ya ce a sa kishiya da boka, ko a sace ɗiyar a nemi kuɗin fansa, ko aƙalla a sa waƙa. Muka ba shi haƙuri, shi kuma ya janye hannunsa. Ba mu riƙe shi a zuciya ba, kuɗinsa ne, kuma abin da ya bayar a farko da shi muka tashi. Muna yi masa godiya shi ma.

Dalilin da ya sa muka ƙi shi ne mutanen da muke ba da labarinsu. Dattijon Basakkwace da ya haura saba'in ba ya tashi rana ɗaya ya je gidan ƙanensa ya ce a yafe masa. Matar da ta tashi cikin alkunya, wadda ko sunan ɗanta na fari ba ta kira, ba za ta tsaya tsakar gida ta yi jawabi a kan abin da ke cin ranta ba. A gidajenmu abu yakan sauya ne a ƙananan wurare: ranar da aka ƙara kwano ɗaya cikin tuwon da ake fitarwa, ranar da aka amsa gaisuwa da suna maimakon ɗaga hannu, ranar da uba ya ce wa ɗansa "zo ka kama min nan" alhali da ba ya yarda kowa ya taɓa masa fata. Idan aka gaggauta irin waɗannan mutane an yi musu ƙarya. Halin mutum kamar jima yake, sai fata ta kwana cikin bagaruwa ta sha, in aka tsame ta da wuri za ta yi kyau a ido amma ba ta kai ko'ina.

Akwai fitowa ɗaya da aka fi yi mana magana a kanta. Tsoho yana zaune a zaure da hantsi, gafaka a cinyarsa, yana son ya zura zare a allura. Ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa, ya lasa bakin zaren, ya kai, ya kuskure. Ya sake. Ɗiyarsa ta shigo da ƙwaryar fura, ta tsaya a bayansa tana gani. Ba ta ce komai ba. Ta ajiye furar, ta ce, "Baba, Inna na kira." Da ya shiga ciki sai ta durƙusa ta zura zare a duk alluran da ke cikin gwangwaninsa, ta mayar da su yadda ta same su. Ya dawo ya ɗauki ɗaya, ya shafa ta da yatsa, ya ji zare a ciki. Ya daɗe riƙe da ita kafin ya ci gaba da ɗinki. A wajen tacewa an yi ta muhawara ko a rage tsawon wannan wuri, muka bar shi yadda yake.

Wata baiwar Allah daga Mabera ta rubuto cewa tana kallo tare da surukarta, da aka zo nan sai tsohuwar ta ce a tsayar, ta ce, "Wagga ɗiya ta san kunyar ubanta." Wani magidanci daga Gwadabawa ya ce a daren ne ya gane dalilin da ya sa mahaifinsa ya daina karatu da Alƙur'aninsa mai ƙananan baƙi, yake cewa wai ya fi son tilawa da ka. Ya kai shi asibiti, aka duba aka ce yanar ido ce, aka yi masa aiki, yanzu yana gani. Da wannan saƙo kaɗai muka samu da ya ishe mu. Kuma tunda maganar ta zo, yanar ido ana cire ta, aikin ba ya daɗewa, kada a bar tsofaffinmu suna lalube saboda kawaici.

Maza kuma rigimarsu a kan ɗan ce. An faɗa mini cewa a wani teburin mai shayi a Gawon Nama an rabu gida biyu. Wasu suna cewa yaron malalaci ne mai girman kai, ga sana'ar gado a gida yana yawo da takardu cikin ambulan. Wasu suna cewa a bar shi, ubansa ne ya sayar da akuyoyi ya sa shi makaranta, ba don ya dawo ya zauna a zaure ba. Na je na zauna a gefe wani dare ban ce ni wane ne ba, na ji wani dattijo yana cewa duka biyun suna da gaskiya, laifin na wanda ya raba ilmi da sana'a ne tun farko. Mu ba mu rubuta wannan a takarda ba, masu kallo ne suka kai maganar can. Wannan ita ce ribar barin fili a cikin shiri, mai kallo yakan shigo da nasa gidan ya cike wurin.

Godiya ta musamman ga madunkan Sakkwato. Kafin a kunna kyamara, dattijon da ya fito a matsayin baduku sai da ya zauna gabansu kamar yaron shago, suka koya masa riƙon wuƙa, da yadda ake huda da basilla, da yadda ake danne fata da ƙafa a ja zare. Majema suka bar mu muka shiga majemarsu da wari da komai, suka nuna mana bagaruwa da karan dafin da ake rina ja da shi. Fatar jar akuyar Sakkwato ba ƙaramar aba ba ce. Ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita zuwa arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko suna yi wa littattafai bango da ita. Garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ya tashi ne da malamai da masu sana'a tare, kuma har yau gafakar almajiri da kuben takobi da kayan dokin hawan salla daga hannun waɗannan mutane suke fitowa. Sun cancanci a nuna aikinsu a natse yadda suke yin sa.

Haka nan muna godiya ga waɗanda suka ƙarfafa mana gwiwa a kan harshe. Ya daɗe yana yi mini ciwo yadda a fina-finai da yawa ba a ba mutum Sakkwatanci sai in ana son a yi masa dariya. Mun so a ji uba yana yi wa ɗansa nasiha da shi, a ji mace tana kuka da shi. 'Yan'uwa daga Kano da Zariya sun ce da farko wasu kalmomi suna wuce su, daga baya kunne ya saba. Daga Birnin Kabi da Argungu da Gusau, da ƙetaren Illela a Ƙonni da Tawa, saƙon iri ɗaya ne, sun ji maganar gida. Wasu iyayenmu kuma sun ce mun tuna musu da wasannin da NTA Sakkwato ke nunawa a da, lokacin da unguwa guda ke taruwa a gidan da ke da talabijin.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Mun ɗauki yawancinsa a bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, kyamara ta yi zafi ta kashe kanta ana tsakiyar ɗauka, sai a lulluɓe ta a jira. Shiri mai yawan shiru kuma ba ya son hayaniya ko kaɗan, ƙarar janareto daga gida na uku sai ta shiga. A nan muka ga halin mutanen unguwa. 'Yan kabu-kabu suna kashe mashin daga bakin lungu su turo shi da hannu. Mai injin niƙa yakan aiko yaro ya tambaya ko ya tayar. Matan gidan da aka ba mu aro sun haƙura da dakansu sau da yawa, kuma duk da haka fura da nono ba su yanke mana ba. Maigidan ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce a yi wa iyayensa addu'a. Allah Ya jiƙansu da rahama. Mai unguwa da limamin shiyar, Allah Ya ƙara girma.

A tsakiyar aiki Baba, wanda ya fito a baduku, ya kwanta rashin lafiya har shirin ya tsaya na wani lokaci. An ba mu shawarar a sauya shi ko a kashe shi a labarin. Muka ce za mu jira, kuma kuka jira tare da mu. Addu'o'in da kuka riƙa turowa ana karanta masa a gadon asibiti. Ya ce in gaya muku ya ji, ya gode, kuma ya samu sauƙi sosai. Ga sauran 'yan wasa, da mai kyamara, da mai ɗaukar sauti, da mai tacewa da ya riƙa kwana gaban kwamfuta yana jiran a kawo wuta, da yaran da suka yi ta ɗaukar kaya ba tare da an biya su a kan lokaci ba, ba ni da abin da zan saka muku da shi sai addu'a. Uwargida da yara, kun yi haƙuri da rashina a gida, Allah Ya yi muku albarka.

Na ga waɗanda ƙarshen bai yi musu daɗi ba. Sun so a ga wa da ƙane sun rungumi juna an yi kuka an yafe. Abin da muka nuna shi ne ƙanen ya zo zauren da safe, ya yi sallama, ya zauna ya jawo fata ya fara yanka, wan ya tura masa wuƙar da ta fi kaifi. Na fahimci mai son fiye da haka, amma a sanina da dattawanmu, wannan sulhu ne cikakke, kuma ba za su ƙara a kai ba ko da an roƙe su. Maganar gidan gado da ta rage, da makomar ɗan, su ne kuke tambaya ko za a yi zango na 2 a kansu. Rubutun yana nan an fara, amma ba za mu sa rana ba sai mun biya duk wanda muke riƙe da haƙƙinsa daga wannan zangon. Masu tura fina-finai a waya, mun san ta hannunku shirin ya kai ƙauyukan da intanet ba ta da ƙarfi, mun gode, muna dai roƙon wanda ke da hali ya kalla ta tasharmu don da haka za mu iya ci gaba.

'Yan'uwanmu na gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, da kuka riƙa aiko da gaisuwa duk da halin rashin tsaro da kuke ciki, saƙonku ya iso kuma muna tare da ku. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa kowa da mafificin alheri. Amin.