Daga Zangon Kumasi zuwa Argungu ta ƙasa, ni da iyali

Tun da aka haifi autarmu a unguwar Aboabo ta Kumasi, Inna ba ta taɓa shafa kanta ba, sai dai ta gan ta a waya. Duk hirar da za mu yi da ita ƙarshenta ɗaya ne: "Yaushe za ka kawo min ɗiyan nan in gan su tun da sauran ganina?" Da aka ba da hutun makaranta na ƙarshen shekara sai na rufe shagon ɗinkina, na ce wa uwargida ta haɗa kaya. Kuɗin jirgin mutum biyar ya fi ƙarfin tela, don haka ta ƙasa muka bi. Ko da ma ina da halin jirgin, na fi son yaran su ga hanyar da idonsu, domin kakana falke ne, da jakai yake zuwa Gwanja sayen goro ya sauke a kasuwar Jega.

Da can hanyarmu ita ce Malanbil ta ƙasar Benin, a haye gada zuwa Gaya ta Nijar, a faɗo Kamba. A lokacin tafiyarmu kuwa, tun juyin mulkin Nijar na 2023 gadar take rufe, mutane sai da kwalekwale suke hayewa, ni kuwa ba zan sa yara uku a ruwa ba alhali akwai tudu. Sai muka tsara bi ta Kandi mu ɓulla Tsamiya.

Daga Kumasi zuwa Akra har Aflawo, garin iyakar Gana da Togo, babu abin faɗa, barci aka sha. Wahalar tana kan iyaka. A ɗaya daga cikin iyakokin nan wani jami'i ya karɓi takardunmu, ya juya katin rigakafin shawara na autarmu gaba da baya, ya ce hatimin bai fito sosai ba. Na nuna masa kwanan wata da sa hannun likita. Ko kallona bai yi ba, ya jefa katin cikin aljihun tebur, ya nuna mana rana da baki ya ce mu jira. Fasinjoji suna ta wucewa, direba yana ta danna oda, uwargida goye da yarinya zufa na keto mata. Sai babban ɗana ya ja rigata ya ce, "Baba, laifi muka yi?" Wannan tambayar ta fi jikka biyun sefa da na bayar yi mini ciwo. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu a kan yarjejeniyar zirga-zirga ba tare da biza ba, amma talaka mai takarda cikakkiya har yau sai ya saya wa kansa hanya, kuma a gaban 'ya'yansa.

Ga kuma canji. Sidi ya koma sefa, sefa ta koma naira, kowane ɗan canji ya gutsiri nasa. Shawarata ga mai niyyar wannan tafiya ita ce kada ya canza kuɗi a bakin iyaka sai na ruwa da abinci, ya bari sai ya shiga kasuwa cikin gari, inda 'yan canjin ma yawanci mutanenmu ne kuma suna jin kunyar ido.

A Kwatano yara suka saki baki suna kallon 'yan kabukabu masu rigar ɗorawa, tamkar fara ta sauka a gona. Fetur kuma a manyan kwalabe a bakin titi, kowa ya san daga Nijeriya yake shigowa. Agogo ma ya ƙaru da awa ɗaya da muka shiga Benin, don Gana da Togo lokacinsu guda, Benin kuma tana tafiya da Nijeriya.

Abin da ba zan manta ba ya faru ne a Faraku, kan hanyar Kwatano zuwa Kandi. Motarmu ta lalace a hanya, ba mu shiga garin ba sai bayan isha'i, motocin Kandi duk sun tashi. Na bar iyali a tasha na nemi masallaci a unguwar Zango don in rama sallolin da ke kaina. Ina alwala ina tambayar wani yaro inda ake samun masauki mai sauƙi, sai wani dattijo da ke lazimi ya ɗago ya ce, "Malam, wannan bakin na Kabi ne." Ashe kakansa mutumin Illo ne. Bai bari na ƙarasa bayani ba ya aiki ɗansa da babur biyu aka kwaso iyalina. Ya tashi samarin gidan daga ɗakinsu, aka share aka shimfiɗa mana. Cikin daren nan matansa suka daka sakwara, aka kawo da miyar gyaɗa da soyayyen wagashi, cukun Fulanin wajen mai jan baya. Ɗiyata ta tsakiya, wadda cin abinci sai an yi da gaske, har kwano ta suɗe. Da asuba na dunƙule kuɗi na miƙa masa, ya ɓata rai ya ce, "Haba ɗana, in na zo Kumasi kai ma sayar mini da tabarma za ka yi?" Uwargidansa kuma ta ba tawa turmin atamfa da ƙullin man kaɗe, ta ce ta shafa wa yara don hunturun gaba ba irin na Asante ba ne. A zangonmu ma haka iyayenmu suke saukar baƙo a da. Yanzu mai gida sai ya nemi kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule kafin ya ba ka makulli, kuma ban ga laifinsa duka ba, rayuwa ta yi tsada, amma mun yi asarar wani abu.

Gaskiyar matar nan kuwa. Daga Kandi hazo ya rufe, manyan motoci maƙare da auduga suna wuce mu, leɓunan yara suka fara tsagewa. Muka bi Sagbana muka shiga Tsamiya da rana tsaka, don direban ya ce shi ba ya bin wannan yanki da dare. Ka'oje, Birnin Kabi, sai gida.

Tun a mota nake koya musu gaisuwa, cewa nan ba a gaida babba a tsaye. Da muka shiga zaure babban ya durƙusa har ƙasa, ta tsakiya ta bi shi, autar kuwa ta ƙanƙame uwarta tana kuka don ba ta san fuskar ba. Inna ta rungume su tana hawaye tana cewa, "Wanga ai mai sunan malam ne sak, har goshin." Ta sa aka yanka zakara, ta hana kowa zuba musu tuwon shinkafa sai ita.

A Kumasi shinkafar Bietnam da Tailan mai ƙamshi muke saye da tsada, a nan kuwa buhu ne daga fadamar gidanmu jingine a ɗaki. Ƙanena yana ta shirin noman rani, kukansa ɗaya kuɗin man injin ban ruwa tun da aka cire tallafi a 2023, shi ya sa yake tara kuɗin na hasken rana. Kifi ma na ci na more, giwan ruwa da tarwaɗa, waɗanda karfasar tafkin Bolta ba ta kama ƙafarsu ba. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne yadda ake ganin duk wanda ya zo daga waje da buhun kuɗi ya zo. Mai kifi na jin Hausar yarana sai farashi ya tashi, dole na riƙa barinsu a gida in zan shiga kasuwa. Wutar lantarki kuma, mu da muke ƙorafi a Gana, sai na ga ashe gata muke da shi.

Na kai su gidan tarihi na Kanta, suka ga kayan yaƙin Kabawa, muka gangara Matan Fada inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Ba lokacin biki ba ne, amma wani masunci ya nuna wa babban yadda ake kifa ciki a kan gora a riƙe homa hannu biyu. Tun daga ranar kullum yana bakin ruwa tare da 'ya'yan ƙanena.

Ana jibi za mu tashi Inna ta kira ni ɗakinta bayan magariba. Ta ce, "Ka bar min babban nan. Ubanka a nan ya yi allo, kai ma haka. In duka suka tashi can, wa zai san kabarinmu?" Na ce, "Inna, makarantarsa fa?" Ta ce Argungu ma akwai makaranta. Na kwana ina juyi. Uwar yaron ta yi kuka sosai, kuma tana da gaskiya, shekararsa goma sha ɗaya kacal, karatun Gana ya saba da shi. Amma ban iya kallon idon Inna na ce a'a ba, shi kuma yaron da aka tambaye shi cewa ya yi zai zauna. Muka yanke shekara ɗaya, ƙanena ya ɗauki nauyin sa shi a makaranta, ni in riƙa turo kuɗi.

Dawowa ta Tsamiya muka sake bi. A Faraku na tsaya na kai wa dattijon nan busasshen kifi da rabin buhun shinkafa, wannan karon ya karɓa. Iyakoki dai yadda muka bar su. Mun iso Kumasi na tarar da ɗinki ya taru, uwargida kuma ta sa mini sharaɗin sayen waya ta musamman da za a aika Argungu, don ta riƙa jin muryar ɗanta ba sai ta jira ƙanena ya dawo daga fadama ba.